Mai gyaran keke na Bukoki da ke saurare kafin ya ɗauki sufana

In kana Yamai kuma kekenka ya fara wannan ƙarar ta ƙyas-ƙyas duk lokacin da ka taka feda, akwai wani dattijo a Bukoki, ba nisa da kasuwar Katako, da nake ba da shawarar a kai wa. Wurinsa ba na a zo a gani ba ne. Rumfar kwano ce a gindin dogon yaro, da benci guda, da akwatin ƙarfe na kayan aiki, sai tsofaffin tayoyi rataye a reshe da yaro ɗaya mai koyon aiki. Babu allon suna. Abin da ya sa na zauna nake rubutu a kansa shi ne, ya gano gefen da ƙarar take fitowa tun bai kwance ko noti ɗaya ba, kuma ya nuna mini yadda ya yi.

Kekena na gwanjo ne, irin waɗanda ake kawowa daga Turai, mai giya 7 a baya da faranti 3 a gaba. Da shi nake zuwa lakkol ɗin da nake koyarwa a Harobanda. Wajen ƙarshen hunturu ƙarar ta soma. A kan gadar Kennedy, inda hanya take shimfiɗe, da ƙyar ake jinta. Amma da zarar na sauka daga gadar na kama hawan shiga gari, na sa ƙarfi a ƙafa, sai ta fito sarai: ƙyas, ƙyas, ƙyas, ba ta fashi. Duk wanda ya taɓa fama da irinta ya san yadda take hana mutum sukuni. Ba ta hana tafiya, amma zuciyarka ba ta daina ce maka wani abu yana cin wani abu a ƙarƙashinka.

Kafin in je Bukoki wani mai gyara ya ce sarƙa ce, ya canza mini sabuwa, ƙara tana nan. Wani kuma ya kalli keken daga inda yake zaune ya ce sai an sauya duk kayan tsakiya, wato sandar da hannayen feda suke kai da boris ɗinta. Bai hau ba, bai ma taɓa ba.

Shi wannan dattijo tambayoyi ya fara yi.

"Mushe, in ka daina takawa, keke na gangarawa da kansa, kana jinta?"

Na ce, "A'a Baba, sai in ina takawa."

"In ka miƙe tsaye a kan feda fa?"

Wannan ban taɓa gwadawa ba. Sai ya naɗe ƙafar wandonsa ya hau, ya yi ƙasa cikin lungu, ya juyo ta inda rairayi ya yi yawa don ya samu ya taka da ƙarfi. Ina kallonsa ya tashi daga sirdi, ya koma ya zauna, ya canza giya, ya sake canzawa. Da ya dawo bai ce komai ba, ya kama birki biyu, ya ɗora ƙafa a fedar dama ya danna. Shiru. Ya zagaya ya danna ta hagu. Ƙyas.

A nan ne ya yi mini bayanin da ya fi gyaran kansa daraja a wurina. Ya ce kunne shi kaɗai ba abin yarda ba ne a keke, domin jikin keke bututun ƙarfe ne, ƙara tana bin cikinsa. Abin da ke kuka a sirdi sai ka rantse daga ƙasa yake fitowa. Saboda haka ba wurin ƙarar ake bi ba, lokacinta ake ƙirgawa. Wadda ba ta tsayawa ko ka daina takawa, ta ƙafar keke ce: ko wayar taya ta saki, ko birki na shafar bakin ƙafar, ko boris ɗin ƙafar. Wadda take ɓacewa in ka miƙe tsaye, ta sirdi ce ko sandarsa, kuma sau da yawa goge ƙura da ɗan giris sun ishe ta. Wadda take zuwa bayan zagayen feda biyu da ɗoriya ko uku, ta sarƙa ce, gaɓa ɗaya ta sandare, domin sarƙa tana da gaɓoɓi sama da 100 yayin da farantin gaba bai cika wuce haƙora 48 ba, sai feda ta zagaya fiye da sau biyu kafin gaɓar nan ta dawo wuri guda. Tawa kuwa sau ɗaya take zuwa a kowane zagaye, daidai lokacin da ƙafar hagu take sauka, kuma canza giya bai sauya mata lokaci ba. Ya ce ke nan tsakanin abu uku take: fedar kanta, hannun feda, ko boris ɗin tsakiya.

Ko a nan bai yi gaggawa ba. Ya juya feda baya a hankali yana duba ko bakin wayar giyar gaba yana taɓa hannun feda, ko ƙafar da ake jingine keke da ita ta lanƙwaso tana shafa. Ya ce ya sha ganin mutum ya zo da shirin kashe jika biyar, ashe bakin waya ne, a lanƙwasa shi da yatsa a sallame shi. Ya bi ƙusoshin da ke riƙe farantai da makulli mai kusurwa shida na milimita 5, duk a ɗaure suke. Daga nan ya kwance fedar hagu da sufana mai lamba 15 ya ɗaura wata tsohuwa daga akwatinsa, ya danna, ƙara ba ta tafi ba. Feda ta fita daga zargi.

Bari in tsaya kan fedar hagu kaɗan, domin na ga yadda ake lalata ta a gari. Zarenta a juye yake. Inda ake ɗaure ta dama, nan ake kwance ta hagu. Shi ya sa ake buga musu L da R a jiki. Yaron da bai sani ba sai ya sa bututu a kan sufana ya yi ta ja, yana ƙara ɗaurewa yana zaton tsatsa ce, har zare ya mutu. Baba ya ƙara mini da wani abu: tsofaffin kekunan Faransa, irin su Peugeot na dā da har yanzu ake gani a Yamai, fedarsu D da G aka rubuta, kuma zarenta milimita 14 ne, ya ɗan bambanta da na inci 9/16 da ke kan yawancin kekuna. Da ido ba ka rabewa. In ka tilasta wata a ramin wata, hannun fedar ya tafi.

Saura abu biyu, kuma yadda ya raba su ya burge ni. Ya kama hannun fedar hagu ya ja shi waje ya tura ciki, ɗayan hannunsa kuma yana kan na dama. Ya ce in boris ɗin tsakiya ne suka yi sako-sako, hannayen biyu tare za su motsa, domin sanda ɗaya ce ta haɗa su. Ya kama hannuna ya ɗora. Na hagu yana ɗan motsi ƙanƙane, wanda ido ba ya gani sai yatsa, na dama kuwa ko gezau.

Bai buge shi da guduma ba, kuma wannan kaɗai ya isa in koma wurinsa. Yana da abin zaro hannun feda, wanda ake murzawa cikin zaren hannun ya tura sanda baya. Da hannun ya fita ya kai shi haske ya nuna mini. Bakin sandar kusurwa huɗu ne, yana sirancewa zuwa ƙarshe, ramin hannun ma haka, ƙusa ce take matse su su zama kamar abu ɗaya. A cikin ramin nawa akwai baƙin gari laushi, kuma kusurwa biyu sun yi sheƙi, alamar ƙarfe ya daɗe yana gugar ɗan'uwansa. Sandar baƙin ƙarfe ce mai tauri, hannun kuwa alminiyam ne mai taushi, don haka hannun ne ke ci. Ya ce, "Mushe, kamar gatari ne da ya saki a ƙota. In ka ci gaba da sara, ramin ƙotar ne ke faɗi, daga baya ko ka buga shi ba ya zama." Nawa bai kai nan ba. Ya wanke ramin da kananzir, ya goge, ya mayar, ya ɗaure ƙusar da dogon makulli na milimita 8 har sai da jijiyar hannunsa ta fito.

Tun da an riga an kwance gefe ɗaya, ya tambaye ni ko ya buɗe tsakiyar ya duba. Tambaya ya yi, bai buɗe ya kawo mini lissafi ba. Na ce ya buɗe. Abin da ya fito ba giris ba ne kuma, wani jan kwaɓi ne mai tsakuwa-tsakuwa, ƙurar hunturu da jar ƙasar unguwanninmu sun shiga sun cakuɗe. Ya zube boris ɗin a murfin gwangwani, 11 kowane gefe, masu kaurin kwatan inci, ya wanke su yana juya kowanne a tafin hannu. Biyu sun fara yin ƙananan ramuka. Ya ce a canza duka, kada a haɗa sababbi da tsofaffi. Kofunan da boris ɗin ke zama a ciki da sandar kuwa lafiya lau suke, kayan da aka ce mini sai an zubar.

Tsohuwar sarƙata tana cikin jakata, na nuna masa. Ya miƙe ta a benci ya sa ma'auni. Daga ƙusa zuwa ƙusa a sarƙar keke rabin inci ne, milimita 12.7, gaɓoɓi 24 na sabuwa su ba ka santimita 30.5 ba kaɗan. Sai ta zarce da kamar milimita ɗaya da rabi ake maganar canzawa. Tawa ba ta kai ba. Ya ce in wanke ta in ajiye.

Ina zaune aka kawo masa wani Phoenix na mai tallan burodi, shi ma da ƙara, amma tasa har ƙafa tana jin feda tana faɗawa gaba kaɗan a kowane zagaye. Irin waɗannan kekunan na Sin ƙusa ce mai gefe ɗaya a fafe take ratsa hannun feda ta riƙe shi. Baba ya sa ƙarfe ya tallafe hannun daga ƙasa kafin ya buga sabuwar ƙusa, don kada bugun ya sauka a kan boris, kuma ya gaya wa mai keken cewa notin nan ƙarami ba shi ne ke jan ƙusa ciki ba, riƙe ta kawai yake yi. Wanda ya yi ta murza shi, zare zai tsinke.

Kuɗin aiki sefa 1000 ya karɓa, boris da giris sefa 750. Sarƙar da aka canza mini a banza ta fi haka tsada.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, kuma gara mutum ya sani kafin ya je. Ba ya ajiye kaya. Sai da aka aiki yaro Katako ya sayo boris, na yi zaman jira mai tsawo, rumfar kuma ba ta tare ranar hantsi. Wanda zai je a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40, ya je da sassafe. Shi kansa ba mai sauri ba ne, kuma ba ya tsallake layi don kana sauri. In an kira salla ya rufe akwati, ranar Juma'a kuma daga hantsi ba ka samunsa sai bayan la'asar. Abin da ya fi damuna shi ne yaronsa: ina kallo ya ɗebo baƙin man inji da aka juye daga babur zai zuba wa sabuwar sarƙata. Na hana. Wannan man yana ɗauke da garin ƙarfe, kuma a garin rairayi irin namu sarƙa mai jiƙe da shi tana kwasar ƙasa ta cinye haƙoran giya. Ɗigo kaɗan na mai mai tsabta a kowace gaɓa, a goge sauran da tsumma, shi ne daidai. Baba ya tsawata masa, amma gwangwanin yana nan a gindin benci, don haka ka sa ido.

Haka kuma masu sababbin kekunan tsere, waɗanda boris ɗin tsakiyarsu a waje yake ko a matse cikin jikin keke ba zare, wurin nan ba nasu ba ne. Ba shi da makullansu, kuma shi da bakinsa ya faɗa wa wani saurayi haka a gabana, ya ce ba zai sa guduma a abin da bai da kayan aikinsa ba. Ganowa dai zai gano maka, domin ƙirgar lokacin ƙara ɗaya ce a kowane keke. Amma masu Phoenix da masu na gwanjo irin nawa, su ne mutanensa.

Ya ce in dawo bayan mako guda ya sake jarraba ƙusar, domin hannun da ya taɓa saki yakan nemi ya sake. Na koma, ya sa makulli, ta ɗan ƙara shiga kaɗan, bai karɓi ko dala ba. Tun daga lokacin ina hawan gadar ba ƙara. Ya gargaɗe ni cewa in ta dawo a gefen nan duk da ɗaurin, ramin ya riga ya buɗe, sai sabon hannu, kuma in zan saya a Katako in tafi da tsohon a hannu: a duba tsawonsa, wanda ake bugawa a bayansa (nawa milimita 170 ne), a kuma duba ko kusurwoyin raminsa suna fuskantar inda na tsohon ke fuskanta, in ba haka ba fedojin biyu ba za su tsaya a layi ɗaya ba.