Wasan sojojin roba a Notingham da abin da kuɗin mutum ke saya masa a nan

Assalamu alaikum Yaya, ina gaisuwa, ya jikin Hajiya, ya yara da makaranta. Ka ce in yi maka bayanin wasan nan da nake zuwa yi da yamma in na tashi aiki, da nawa yake ci, to ga shi dalla-dalla.

Sunansa Warhammer 40,000, na wani kamfani ne Games Workshop da aka kafa a Landan a 1975, amma yanzu hedkwatarsu da masana'antarsu duk nan Notingham suke a unguwar Lenton, wasan kuma ya fito tun 1987. Labarin wai shekara dubu arba'in ne nan gaba, 'yan Adam na yaƙi da halittun wasu duniyoyi, akwai Space Marines akwai Orks akwai Necrons, kowa da rundunar da yake tarawa. Sojan bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ana jera su a teburi mai inci 44 da 60 da aka cika da rusassun gine-gine na roba, ka auna tafiyar sojanka da tef irin na kafinta, in za ka yi harbi ka watsa dayis irin na ludo, wani lokacin cike da hannu biyu, zagaye 5 ake yi kuma sai ya cinye awa 3 ba ka sani ba. Ba a sa ko sisi a kai fa, ba caca ba ce, wannan na tabbatar kafin in zauna.

Maganar kuɗi kam, gaskiya kayan akwai tsada. Kwalin da ake farawa da shi kusan fam 100 ne, kuma in ka buɗe ba soja za ka gani a tsaye ba, gutsattsarin roba ne kai za ka yanka ka manna da gam ka yi fenti, 'yar kwalbar fentin mai mililita 12 ita ma kusan fam 3, sannan cikakkiyar runduna ta maki 2,000 (da maki ake auna girman runduna) sai ta lashe ɗaruruwan fam. Turawan kansu kullum cikin ƙorafin ƙarin farashi suke kuma ina ganin suna da gaskiya. Don roba ce dai ake narkawa a zuba a mazubi kamar yadda ake zuba buta da bokiti a Sharada, sai dai nasu mazubin ya kai ka ga igiyar bindiga da tabon fuskar soja ƙarara. Da wannan 'yar robar kamfanin ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jarin Landan a ƙarshen 2024.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ake kula da mai saye. Ka shiga shagonsu ko ba ka da niyyar sayen komai, mai shagon zai zaunar da kai ya ba ka soja ɗaya da burushi ya koya maka fenti kyauta, ya buga ɗan gajeren wasa da kai don ka gane dokoki, ba ya ɗaure fuska don ka fita hannu rabbana. Eh na san dabarar kasuwa ce, so yake ka dawo, amma ai dabara ce mai kyau. Sannan doka ta tsaya maka, in kaya na da matsala kana da kwana 30 ka mayar a ba ka kuɗinka, in ta intanet ka saya kana da kwana 14 ka fasa ko lafiyarsa ƙalau. Mu kuwa a gida har a jikin rasit ake rubuta cewa kayan da ya fita ba ya dawowa, wallahi wannan abu yana min ciwo duk lokacin da na tuna, don ba ƙaramin cin amanar mai saye ba ne.

Kulob ɗin da nake zuwa ba na kamfanin ba ne, mutanen unguwa ne suka haɗu suke hayar zauren taro, kowa ya ba da 'yan fam kaɗan a bakin ƙofa, da shi ake biyan haya da wuta da shayi, a kuma sayi gine-ginen teburin. Za ka ga direban bas da ma'aikaciyar jinya da dattijo ɗan fansho a teburi ɗaya, in kai sabo ne wani zai ara maka rundunarsa sukutum wadda ya yi shekaru yana wa fenti, kuma a nan ake samun na hannu da araha, ko a yi musaya, ko a nuna maka yadda ake tsinto su a kasuwar intanet ta eBay da rangwame sosai. Sai dai zaman nasu da ƙa'ida, sai ka kama teburi tun kafin ranar, lokaci na cika a tattara a kashe fitila kowa ya kama gabansa, ba wanda zai raka ka ko ya tambayi mutan gida. A nan kam majalisarmu ta ƙofar gida ta fi su nesa ba kusa ba, kuma kyauta ce. Amma da sanyi ƙarfe 4 na yamma duhu ya yi a garin nan, in ba irin wannan wurin ba sai mutum ya yi ta zama shi kaɗai a ɗaki.

Akwai kuma Warhammer World a hedkwatar tasu, ƙaton zaure mai kamar tsakar gidan sarauta cike da tebura, da wurin baje koli da ake biya a shiga. Wurin cin abincinsu Bugman's ana sayar da giya, ni shayi kawai nake sha in fito. Batun mutum-mutumi na san Hajiya za ta tambaya, ka gaya mata tankoki da jiragen yaƙi na fi tarawa.

Zancen in aiko wa yara kwali, ban ba da shawara ba, kuɗin ya isa wani abu mai muhimmanci, ga kuɗin aike ga kwastam, in fenti ya ƙare kuma ba inda za su samu irinsa. Abin da zan haɗo shi ne burushi da fenti da tef da dayis da sojoji na hannu guda kaɗan, gine-ginen su yi da kwali da kara tunda sun iya ƙera mota da shi. Ka bincika min ko akwai mai tahowa gida daga Ingila kafin hutun ƙarshen shekara in ba shi saƙon.