Labarin shara daga Singafo

Yaya barka da warhaka, ya gida ya su Hajiya da yara? Kun ce in riƙa ba ku labarin ƙasar nan ba hoton dogayen benaye kawai ba, to yau labarin bola na kawo muku, kar ku yi dariya don Allah.

Gidan da muke haya irin benayen gwamnati ne da ake kira HDB, kusan mutum 8 cikin 10 na 'yan ƙasar a irinsu suke zaune. Ranar da na tare sai na ga wata 'yar ƙofar ƙarfe a bangon kicin, na ɗauka wajen ajiya ne, ashe rami ne da ya zarce tun daga hawa na 11 har ƙasa, ka ƙulle shararka a leda ka jefa shi ke nan, ba neman yaro mai baro ba jiran mota. Kuɗin kwashewa kuma yana zuwa ne cikin takardar wuta da ruwa, dala goma da 'yan kai a wata kuɗin nan, babu ciniki. Aibinsa ɗaya, ranar da za a yi feshin magani a ramin sai an liƙe bakin ƙofar da salatif, ni ban sani ba karon farko na dawo daga aiki na tarar da kyankyasai sun yi taro a kicin, wallahi har cikin tukunya.

To ina sharar take zuwa? Nan ne abin ya ɗaure min kai. Ƙasar gaba ɗayanta kilomita murabba'i 700 da ɗoriya ce, mutum kusan miliyan 6, babu wani fili ko tsohon kududdufi da za a ce a je a juye. Don haka ƙonawa suke yi, a manyan masana'antu a Tuas da Senoko, zafin wutar su juya shi ya ba da lantarki, sharar kuma ta ragu da kusan kashi 90 cikin 100 ta koma toka. Tokar ake lodawa a jirgin ruwa na dako a kai wani tsibiri da ake kira Semakau, kamar kilomita 8 kudu da gari. Shi ma fa ƙirƙirarsa aka yi, ƙananan tsibirai biyu aka haɗe da ganuwar duwatsu mai tsawon kilomita 7 aka killace teku a tsakiya, aka buɗe a 1999. Hekta 350 ne, kuma su da kansu suna cewa in aka ci gaba a haka zai cika wajen 2035. Shi kaɗai gare su Yaya, babu na biyu.

Titi kam tas yake, wannan ba ƙarya ba ne. Yar da guntun sigari ko takardar alawa tarar dala 300 ce a karon farko, wanda ya maimaita kuma kotu na iya sa masa riga mai ƙyalli ya yi shara a bainar jama'a. Ko a wuraren cin abinci tun 2021 dole ka mayar da farantinka da kanka. Amma ni da nake fita da asuba ina ganin masu sharan, yawanci tsofaffi ne da baƙin ma'aikata, su ne sirrin tsabtar ba tarar kaɗai ba.

Inda na ga gida ya fi su kuwa shi ne wajen sake amfani da kaya. A ƙasan kowane bene akwai ƙaton shuɗin mazubi na takarda da roba da kwalba da gwangwani, duk a haɗe ake zubawa sai can a tantance. Jiya da na leƙa namu, a kan tulin kwalaye masu kyau wani ya ɗora robar shinkafa da miyarta, man ya bi ya jiƙa komai, gefe ga kunzugun jariri. Hukumar muhallinsu ta ce kusan kashi 40 na abin da ake zubawa ciki ba ya moruwa, ƙarshensa wuta. Abin da gidaje ke sake sarrafawa bai wuce kashi 12 ba a 2023. Ku tuna can gida, gorar ruwa ba ta kwana a ƙasa, mai zoɓo ko mai manja na jiranta, 'yan gwangwan kuma ko ƙusa ba sa bari. A nan na ga an ajiye fanka da kujera lafiyayyu a ƙasan bene, raina ya yi ta sosuwa, na ɗauki fankar dai ita nake amfani da ita yanzu.

Su ma suna da nasu 'yan jari bolan fa, karang guni ake ce musu. Wani tsoho na zagayowa benenmu da ɗan amalanke da hon na roba yana matsawa fam fam, yana sayen tsoffin jaridu da rediyo da talabijin, ya auna ya biya. Sai dai sun yi ƙaranci, matasa ba sa shiga sana'ar.

Leda kuma tun watan Yulin 2023 manyan kantuna ke cajin aƙalla santi 5 kowace ɗaya, shi ya sa nake yawo da jakar yadi kamar mai zuwa cefane. Matsalar ita ce ledar ce muke ƙulle shara da ita kafin a jefa a ramin, don haka wani lokacin dole in saya.

A gaishe da Hajiya, a ce mata buhun da ta zubo min kuka da kuɓewa yana nan ban yar ba, shi nake tara kwalabe a ciki.