Hoton MRI na zuciya da muka yi wa Baba a nan Kano

Gaskiya yaron da ya ɗauki Baba hoton nan ya burge ni, Allah ya yi masa albarka. Baba ya daɗe ƙafafunsa na kumbura, ko masallacin unguwa ya je sai haki, ana ta ba shi maganin hawan jini maganin kuma sai jiri yake sa shi. Likitan zuciya ne ya lura eko, wato sikanin na zuciya, ya nuna bangon zuciyar ya yi kauri amma a ECG, gwajin da ke zana bugun zuciya a takarda, layukan ƙanana ne, ya ce wannan bai yi kama da kaurin hawan jini ba, yana zargin amyloidosis, wani furotin ne da ke taruwa a naman zuciya har ta sandare ta kasa buɗewa ta cika da jini. Shi ya tura mu MRI, hoton da ake shigar da mutum cikin wani babban inji a ɗauka.

Injin kam ƙararsa kamar kana zaune a maƙera, Baba yana shiga ya fara salati yana neman tashi. Yaron nan bai yi masa tsawa ba, ya fito ya riƙe hannunsa ya ce Baba kada ka damu ina jin ka, idan na ce ja numfashi ka ja, na ce riƙe ka riƙe. Kusan awa guda yana lallaba shi da Hausa. Nan kam sun ci kuɗinsu.

Amma fa abin da suka yi mana kafin nan har yanzu yana ci na. Ranar da na biya babu wanda ya ce a zo da gwajin ƙoda, sai da muka gama bin layi tsoho yana zaune a benci sannan wata ta ce ai allurar gadolinium, wadda ake yi don hoton ya fito sosai, ba a yin ta sai an ga ƙoda lafiya. To Hajiya me ya hana ku faɗa tun farko? Haka muka sake ɗora shi a adaidaita cikin rana tsaka. Kuma allurar na da muhimmanci sosai, don yadda take maƙalewa a bangon zuciyar ne ke nuna cutar.

Sakamakon ma faifai da takarda kawai suka miƙo, ku kai wa likitanku. Likitan ne ya ce hoton ya nuna alamar cutar amma ba ya faɗin nau'inta, sai an gwada jini da fitsari, don akwai AL mai tasowa daga ɓargo, akwai ATTR da hanta ke yin furotin ɗinsa, wani irinsa na gado ma a jinin mutanen Afirka ta Yamma ya fi yawa. Maganinsu ba ɗaya ba.

Zan iya komawa, amma saboda yaron nan kaɗai. Duk mai zuwa ya tafi da takardar ƙodarsa a hannu, kada ya jira 'yan kantar nan su gaya masa.