Motar hannu tana misin: wane gwaji za ka biya wa kuɗi kafin ka saya?

Duk wanda ya taɓa zuwa duba motar hannu a garin nan na Kaduna ya san wannan maganar, ka tada mota ka ji tana karkarwa a silo, wato tana tsaye ba ka taka totur ba, sitiyari na rawa a hannunka, sai dillali ya yi wuf ya ce "haba Alhaji, fulogi ne kawai, ka canza shikenan." To wani lokacin da gaskiyarsa, fulogin ne. Wani lokacin kuma ringi ne ya tafi ko bawul ya ƙone a can cikin inji, kuma karkarwar da za ka ji kana zaune a kujera duk iri ɗaya ce, amma kuɗin gyaran wlh ko kusa ba ɗaya ba ne, ɗaya kuɗin cefanen kwana biyu ne ɗayan kuma sauke inji ne. Shi ya sa ni ba na cewa a gudu daga motar da ke misin, wato wadda wata silindarta ba ta bugawa daidai, sau da yawa ma irinsu ne ake samu da sauƙi. Abin da nake cewa shi ne kar ka miƙa kuɗi sai ka san daga ina misin ɗin ya fito.

Kowace silinda abu huɗu take buƙata kafin ta buga: wuta, mai, iska, da matsi wato kwamfureshan. Ukun farko kayansu duk a wajen inji suke, fulogi, koyil mai ba fulogi wuta, nozul mai fesa mai, fiyul fam, hos ɗin iska, ana kwancewa a canza ka tafi gida a ranar. Na huɗun kuwa a ciki yake. Duk gwajin da za ka yi, tambayar ɗaya ce, matsalar a waje take ko a ciki.

Kafin ma a zo kan wanda ake biya, akwai wanda kyauta ne. Ka ce da mai motar kana so ka ganta da sassafe kafin a tada ta, in ka je ka fara ɗora hannu a kan inji, in ka ji da ɗumi to an riga ka. Mota da yawa sai da sanyi suke misin, minti biyu uku su daidaita, kuma irin wannan yana iya zama gasket ɗin tof, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, shi ne ke tsiyayar da ruwa cikin silinda cikin dare. Ka murɗa makulli ba tare da ka yi kik ba, dole wutar cek, wato fitilar gargaɗin inji, ta kama tare da sauran fitilun dashbod sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwan ko an toshe shi, kuma ba a yin haka don Allah. In kuma kana tafiya ka ga tana ƙiftawa, kama-mutu kama-mutu, wannan misin ne mai tsanani, ɗanyen mai na wucewa cikin salansa yana ƙona indomi, wato abin da ke tace hayaƙi a cikin salansa. Sannan ka saka giya a D ka taka birki ka kunna esi, nan ne raunin koyil ke fitowa. Ka hau da ita titi sosai, baifas ɗin Nnamdi Azikiwe ko ka haye gadar Kawo ka ɗan miƙa hanyar Zariya ka taka totur a hawa, ba zagaye layi ɗaya a Unguwar Sarki ba a dawo.

To zaɓi na farko shi ne bakanikenka, kunnensa da hannunsa. Ni ban raina wannan ba ko kaɗan. Tsohon bakanike a Kurmin Mashi ko Panteka zai cire soket ɗin koyil ɗaya bayan ɗaya inji na aiki, wanda ya cire sautin bai canza ba ya san wannan silindar dama a mace take. Zai kwance fulogi ya duba bakinsa, baƙi busasshe mai ya yi yawa, baƙi jiƙaƙƙe bakin mai ne ke hawowa, wanda ya fita fes kamar an wanke shi alhali sauran ukun da datti to ruwa ne ke shiga wajen. Wannan ilimi ne babba kuma arha ne. Inda yake gazawa shi ne misin mai zuwa ya tafi, wanda ba ya yi sai a gudu, a nan sai a koma canki-canka, a ce sayo fulogi, bai yi ba, sayo koyil, bai yi ba, a wanke nozul, kafin ka farga ka kashe kuɗin da ya ninka na gwajin kwamfuta. Kuma don Allah ka tafi da naka bakaniken, ba wanda dillali ya kira maka ba.

Na biyu shi ne ƙaramin sikana ɗin nan mai haɗuwa da waya ta Bluetooth, ELM327 da ire-irensa, ka sauke manhaja irin Torque ko Car Scanner. Soket ɗinsa mai fil 16 ne, yana ƙarƙashin dashbod ta gefen direba. Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da shi, na Turai masu fetur kuma daga 2001. Abin da zai ba ka a minti biyu: P0301 silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, haka har zuwa adadin silindar motar, P0300 kuma misin ne mai yawo ba wuri ɗaya ba. P0171 iska ta fi mai yawa. Lamba ɗaya tak kamar P0303 ta fi kwantar min da hankali, domin sai kawai a ɗauki koyil na uku a musanya da na ɗaya, a goge lambar a sake tafiya, in lambar ta koma P0301 ka ga koyil ne ya bi, magana ta ƙare. In ta tsaya a ukun a musanya fulogi, sannan nozul. In duk an musanya tana nan daram a silinda ta uku, to ka fara shirin jin labari mara daɗi.

Amma babban amfanin ɗan abin nan a wajen mai saye ba lambobin ba ne ma. Dillali na iya cire kan batir ko ya sa a goge komai da safe kafin ka zo, ka jona ka ga babu ko lamba ɗaya. Sai ka shiga wajen da manhajar ke nuna gwaje-gwajen da birenbos, wato kwamfutar motar, ke yi wa kansa, in ka ga yawancinsu ba su kammala ba, to kwanan nan aka goge, domin motar da ake hawa kullum sun daɗe da cika. Wasu manhajojin har nisan da aka yi tun bayan gogewar suke nunawa. Ka ga kilomita biyar, ka tambayi dalili. Rauninsa shi ne jabunsa sun cika kasuwa, wani ya ƙi haɗuwa da motar kwata-kwata, kuma galibi inji kawai yake karantawa.

Na uku, a kai ta wajen masu babbar kwamfuta, irin Launch ko Autel. Wannan gwajin ya fi na ƙaramin sikana tsada amma in motar ta kuɗi ce da gaske ni shi nake zaɓa, da sharaɗin mai riƙe da ita ya iya karatu. Akwai wanda zai jona, ya karanto maka lamba, ya goge, ya karɓi kuɗinsa, wannan bai fi ɗan ƙaramin da ke aljihunka ba. Wanda ya iya zai nuna maka adadin misin na kowace silinda inji na aiki, ya duba yawan man da birenbos ke ƙarawa don ya cike giɓi. In ƙarin ya haura kashi 10 a silo amma yana sauka in an taka totur, iska ce ke sata ta wani hos ko gasket. In kuma sai an taka yake hawa, a duba fiyul fam, filtar mai, ko sensar iska da ke bayan iya filta, wadda ƙurar hunturun Kaduna ke toshewa duk shekara. Ka sani kuma yawancin motocin da suka jima a hannu a nan an cire musu tamostat mai daidaita zafin inji an haɗa fanka kai tsaye, wasu an sace ko an sayar da indominsu, to inji ba ya kai zafinsa, yana ta shan mai yana baƙanta fulogi, kuma za ka ga lambobi irin P0420 na indomi da P0128 na tamostat da ba su ne asalin misin ɗin ba.

Na huɗu shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa kuma shi ne ke raba gardama, gwajin kwamfureshan. Ɗan agogo ne mai hos, a cire fulogi duka, a ɗaura a rami ɗaya bayan ɗaya, a taka totur har ƙasa a yi kik. Ba ya kai awa ɗaya a mota mai silinda huɗu. Lafiyayyen injin Corolla ko Camry yakan ba da tsakanin 170 da 200 psi, amma abin dubawa shi ne kusancin lambobin da juna, in ɗaya ta faɗi ƙasa da sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 akwai matsala. A ɗiga bakin mai kamar cokali ɗaya a ramin a sake, in ya tashi ringi ne, in bai motsa ba bawul ne, in silinda biyu maƙwabta suka faɗi tare gasket ne ya fashe tsakaninsu. Babu kwamfutar da za ta faɗa maka wannan kai tsaye. Wanda ya ce ba za a kwance masa fulogi ba, ka gode masa ka yi gaba, motoci sun cika Kaduna.

Wanne za ka fi dogara da shi, ya danganta da motar da ke gabanka. Corolla 2003 zuwa 2008 mai injin 1ZZ, koyil huɗu ne a fili, ƙaramin sikana da bakanike mai hankali sun isa, kuma ciwonta sananne ne, gasket ɗin manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska, na tsufa ya riƙa jan iska da sanyin safiya ya kawo P0171, gyaran ba wani abu ba ne. Camry mai 2AZ, musamman 2007 zuwa 2009, an san ta da shan bakin mai ta ringi, to a nan ban yarda a tsallake duba bakin fulogi da kwamfureshan ba, kuma ka sa wani ya tsaya a baya ya ga ko shuɗin hayaƙi na fita in an taka. Honda Accord mai silinda huɗu bawul ɗinta ana setawa da hannu, in an daɗe ba a yi ba suna iya matsewa su kawo misin da sanyi, a duba wannan kafin a ɗora wa koyil laifi. Duk mai V6 irin Sienna ko Highlander kuwa fulogi uku na baya suna ƙarƙashin manifol, shi ya sa wasu ke canza na gaba uku su bar na baya shekara da shekaru, kuɗin aikin ma daban ne, ka saka shi a lissafi. Ita kuma Peugeot 406 da muka saba da ita tun da a Kakuri aka riƙa harhaɗa ta, mai injin EW10 koyil ɗinta dogo ne guda ɗaya ya rufe silinda huɗun, babu zancen musanyawa, sai dai a aro lafiyayye a gwada, kuma ta fi sakin bayani ga kwamfutar da aka yi don Peugeot, ƙaramin sikana sau da yawa ba ya jin yarenta.

Wani abu da ke ruɗa mutane shi ne mai da ruwa. Motar da ta daɗe a ajiye a filin dillalai ana ɗura mata lita biyu uku daga 'yan bumburutu, za ta iya misin ba laifin inji ba, kowa ya tuna gurɓataccen man da aka shigo da shi a farkon 2022 yadda ya kwantar da motoci lafiyayyu. Haka in an wanke inji da ruwa don ya yi ƙyalli, ruwan na kwanciya a ramin fulogi. Ka zuba mai a gidan mai da ka yarda da shi, a busar da ramukan, a sake gwadawa. In a ramin bakin mai ka gani ba ruwa ba, gasket ɗin murfin sama ne, shi ma mai sauƙi ne amma yana kashe koyil in an bar shi.

In an gano kayan waje ne, saura saye, kuma nan ma akwai zaɓi. A koyil ni na fi son ɗan Beljiyam na asali, Denso a Toyota, a kan sabo mai arha a kwali mai kyau, wanda sai ya yi zafi ya fara yankewa. Ka shiga kasuwar kayan mota ta Oriapata da bakanikenka, a yi sharaɗin in bai yi ba za a dawo da shi, a duba robar jikinsa babu tsagewa ko farin layin da wuta ta ƙona. Fulogi kuwa ban ga dalilin sayen tsoho ba, ka sayi sabo daidai lambar motar, Corolla ɗin can SK16R11 take ci, Camry SK20R11, kar a ce maka mai ƙafa huɗu ya fi ƙarfi a cusa maka wanda ba nata ba. Jabun Denso da NGK suna da yawa, in farashin ya yi arha fiye da hankali ka ajiye. Nozul a fara wankewa a na'ura a ga yadda yake feshi kafin a ce a sayo.

Da sakamakon a hannu sai ka zauna ciniki. Kwamfureshan ya fita daidai, matsalar koyil ce ko gasket ɗin manifol, ka ce "ranka ya daɗe ga abin da muka gani, a cire min kuɗin kayan da na aiki," yawanci za a rage, ka samu mota mai kyau da sauƙi. In silinda ɗaya ta faɗi, ka tura a tambayo kuɗin injin Beljiyam na wannan motar a ranar har da kuɗin ɗorawa, ka cire shi daga farashin gaba ɗaya, in mai motar bai yarda ba ka bar masa abarsa. Kuma la'adar dillali kar ta fita daga aljihunka sai an gama gwajin nan duka.