Mai Shirya Alluna a Pinterest: Abin da Na Gani a Aikinta

'Yan uwa masu sayar da atamfa da leshi da shadda a nan Legas, musamman mu na Agege da Idi-Araba da muke sari a Balogun, tunda da yawanku kun tambaye ni a kan yarinyar nan da ta gyara min shafina na Pinterest, bari in faɗi abin da na gani gaba ɗaya, mai kyau da wanda bai min ba. Ba zan kama sunanta ba don ban nemi izininta ba, amma 'yar Hausawa ce haihuwar nan, tana jin Yarabanci da Turanci sosai, kuma sana'arta kenan, shirya wa 'yan kasuwa hotunan kayansu a soshiyal midiya.

Ga wadda ba ta san Pinterest ba, manhaja ce ta Amurka da aka fara a 2010, kuma zuwa 2024 masu shigarta duk wata sun haura miliyan 500. Ba wajen hira ba ne, wajen nema ne, mutum zai rubuta abin da yake so ya ga hotuna, wanda ya burge shi ya adana a allonsa, wato wajen da yake tara hotuna a shafinsa. Wannan shi ne bambancinta da sitatus ɗin WhatsApp da muke ta wahalar ɗorawa kullum, awa 24 ya ɓace, gobe ki sake, jibi ki sake, data na tafiya. A Pinterest kuwa hoton da kika sa yau yana nan bayan wata shida wata amarya za ta iya cin karo da shi.

Abu na farko da ta yi ta mayar da shafin na kasuwanci, kyauta ne wannan, kuma da shi ne ake ganin alƙaluma, wane hoto aka fi kallo, wanne aka fi adanawa, wanne aka danna. Sai ta zauna ta ce min, Anti, in kwastoma ta shigo shagonki me take fara cewa? Na ce ai ba ta cewa a ba ni leshi, cewa take bikin ƙanwata ya matso, ko ina neman anko na mutum ashirin, ko za mu haɗa lefe. Ta ce to haka za mu raba allunan. Wallahi a nan na san ta san aikinta, domin yawancinmu yadda kaya suke a kanta haka muke jera hotuna, atamfa gefe, leshi gefe, alhali mai saye ba haka take tunani ba, ita sha'anin da ke gabanta take tunani. Yanzu ina da allon anko, allon kayan lefe, allon kamu da dina, allon Sallah, allon shaddar maza, sai na mayafai da abaya, kuma a cikin kowanne ta buɗe sashe sashe, misali a na lefe akwai atamfofi akwai lesuka akwai mayafai akwai jaka da takalmi, yadda uwar ango za ta bi ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta ruɗe ba.

Allon anko ma ta raba shi da kala ne, kuma wannan ya yi min daɗi ƙwarai saboda duk mai harkar biki ta san kala ake fara tsayarwa kafin komai. Amarya za ta ce ruwan hanta take so ko ruwan zuma ko ruwan toka, to sai in tura mata sashen kalar kawai, ta zauna da ƙawayenta su gama gardamarsu su dawo min da lamba, don kowane hoto ta sa masa lambarsa a jiki. Da can sai in ta tura hoto arba'in a WhatsApp, wayar mutane ta cika, a dawo ana ce min wancan mai fulawan da kika turo shekaranjiya, in rasa wanne ake nufi.

Wajen hotunan kansu ta dage a kan a ɗauka a tsaye, awo biyu bisa uku, wato 1000 a 1500, don shi ne yake zama daidai a fuskar waya ba a yanke shi ba. Ta ce kar a kunna filasha a kan shadda, ƙyallin yana kashe zanen, gara hasken safe a bakin ƙofa. Kowane allo ta zaɓa masa hoton bango mai kyau, ta ja waɗanda suka fi kawo ciniki zuwa sama, ta kuma buɗe min allon sirri wanda ni kaɗai nake gani inda nake tara kayan Sallah tun kafin azumi, in lokaci ya yi a fito da su. Ta ce masu nema a Pinterest da wuri suke farawa, kuma gaskiya ne, mai ɗinki ba ya jira sai goman ƙarshe. Abin da ya ƙara min ganin mutuncinta, da na ce ba na son fuskar kowa a shafina ba ta yi musu ba, a jikin mutum-mutumi aka ɗaura komai, kuma ta sa sunan shago da lambar waya a ƙasan kowane hoto, don an san halin intanet, hotonki zai yi yawo har inda ba ki zata ba.

To yanzu inda ban gamsu ba. Na farko maganar kala. Tana son hoto ya yi haske ya yi kyau sai ta ƙara masa filta, wato gyaran kala na waya, ruwan hanta ya koma kamar ja, kuma a sana'armu wannan ba ƙaramin abu ba ne, in kin aika kaya a mota zuwa Kano ko Kaduna aka buɗe aka ga ba kalar ba ce amana ta taɓu, kuma kuɗin mota biyu a kanki. Sai da na tsaya na ce a cire duk wani ƙari, ta ce Anti hoton zai yi duhu, na ce ya yi, gara a ga gaskiyar kaya. Ta gyara ba tare da ta nemi ƙarin kuɗi ba, wannan kam na yaba.

Na biyu rubutun. Pinterest na ba da wajen rubuta sunan hoto mai ɗaukar harafi 100 da kuma wajen bayani, kuma a nan ake sa kalmomin da mutane suke nema. Ita duk Turanci ta zuba, da kalmomin da Yarabawa suke amfani da su irin su asoebi, wato anko, wanda ba laifi ba ne don su ma kwastomominmu ne kuma suna saye da kyau, amma babu atamfa, babu anko, babu kamu, babu lefe, kuma ba ta bambance gezna da sauran shadda. Matanmu da suke Ingila da Amurka da Saudiyya in suna neman kayan gida haɗawa suke, rabi Hausa rabi Turanci. Don haka duk wadda za ta ba ta aiki ta zauna da ita ta faɗa mata sunan kowane kaya yadda ake kiransa a kasuwa, kar ki bar mata wannan ɓangaren ita kaɗai, ke kika san kayanki.

Sannan kar wata ta ɗauka gobe alat ɗin kuɗi zai fara shigowa. Hajiyoyinmu na unguwa yawancinsu ba su da manhajar ma, kuma wanda bai yi rajista ba ba lallai ya iya kallon allon har ƙarshe ba. Waɗanda suke zuwa min ta can teloli ne da 'yan mata masu shirin aure da mutanen waje, kuma a hankali suke zuwa. Ita ma ta san haka, shi ya sa ta kwafa min irin wannan rabon a katalog ɗin WhatsApp Business wanda yake ɗaukar kaya har 500, kuma maganar gaskiya cinikin yau da kullum ta nan ya fi fitowa.

Kuɗin aikinta bai kai na leshi ɗaya mai kyau ba, rabi kafin aiki rabi bayan ta gama, ta transfa. Tana ɗan jinkirin amsa saƙo in aiki ya yi mata yawa, amma ranar da ta ce za ta zo tana zuwa ko da goslo ya riƙe ta a Oshodi. Masu kayan sawa, masu lalle, masu kek da kayan fulawa, masu kayan ɗaki, ina ganin za ku amfana da ita sosai. Masu kayan gwari a Mile 12 da farashi yake canzawa kullum, ku sitatus ya ishe ku. In kun kira ta ku ce ta koya muku cire abin da ya ƙare da sa sabo da hannunku kafin ku biya ragowar kuɗin, don kulawar wata wata kuɗinta daban ne.