Man kifi na kwalba ko kifin tukunya?

A Gombe, iyayen yara masu lalurar galahanga (autism) sun fara sayen ƙwayoyin man kifi, wato omega-3, da fatan kaifin ƙwaƙwalwa. Gaskiya ne sinadarin DHA da ke cikinsu yana daga cikin abin da ake gina ƙwaƙwalwa da shi. Sai dai bitar da cibiyar Cochrane mai tantance binciken lafiya ta yi a 2011 ba ta sami ƙwaƙƙwarar hujjar cewa yana gyara magana ko cuɗanyar waɗannan yara ba. Ga tsada, ga gyatsa mai ƙarni.

Kifi kuwa abinci ne. Titus da sadin suna da omega-3 sosai, sun fi tarwaɗa da karfasan madatsar ruwan Dadin Kowa nesa ba kusa ba, ga furotin a kai. Ni nan na karkata.

Matsalar ɗaya ce, kuma ba ƙarama ba: yaro mai galahanga kan ƙyamaci wari. Ɗan ƙanwata da ya ji ƙarni sai ya toshe hanci ya ture kwano. Uwarsa takan zare ƙaya, ta marmashe tsokar cikin miyar kuka, a hankali ya saba. Wanda ya ƙi sam, a nan kwalba take da amfani, bayan likitan yara ya faɗi adadin da za a ba shi.