Jirgin cikin garin Abuja ko titin Kubwa: sharhin wanda ya bi duka biyun

Tun da aka dawo da jirgin ƙasa na cikin garin Abuja bakin aiki ranar 29 ga Mayu, 2024, abokan aiki ke tambayata ko ya isa mutum ya jingine motarsa saboda shi. A Kubwa nake zaune, wajen aikina kuma tsakiyar gari, don haka na hau jirgin na ɗan lokaci, wasu ranakun kuma na bi titi yadda na saba. Jirgin kansa ba shi da laifi, tashoshin ma sun gyaru ƙwarai. Sai dai har yanzu bai zama abin hawan ma'aikaci na yau da kullum ba, kuma dalilin ba a cikin tarago yake ba.

Wanda bai san tarihin ba zai ɗauka sabon aiki ne. A watan Yulin 2018 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shi, bayan kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya shimfiɗa layin mai tsawon kilomita 45 da tashoshi 12. Bai daɗe ba annobar korona ta zo a 2020 aka tsayar da shi, ya yi kusan shekara huɗu a kwance, ciyawa ta rufe wasu wurare, ɓarayi suka yi ta kwasar wayoyi. Ko a wancan zagayen na farko ba kowa ya hau ba, domin wasu tashoshin a daji suke, ba hanyar mota da za ta kai ka bakinsu.

Nan ne gyaran 2024 ya fi burge ni. An yi titunan kwalta zuwa tashoshin, an yi filin ajiye motoci, an sa fitilu. Tashar Gbazango da nake hawa, yanzu mai adaidaita sahu zai kai ka har ƙofa ba tare da ya tsaya yana ƙorafin hanya ba. Ciki akwai kujerun zama da bayi, ana binciken jaka kafin a shiga, dandamalin hawa kuma yana da rumfa, abin da sai wanda ya taɓa jiran mota a gadar Kubwa da damina zai san darajarsa. Taragon da sanyin na'ura, da tsabta, ba wanda zai ɗora maka buhun doya a cinya, ba kwandasta mai ce maka ka matsa a zauna huɗu a kujerar mutum uku. Jirgin na dizal ne, ba na lantarki ba, kuma ba ya gudu sosai, amma tafiya yake ba tsayawa sai a tasha. A lokacin da na riƙa hawa ko sisi ba a karɓa, domin Shugaba Tinubu ya sanar ranar buɗewa cewa kyauta ne har ƙarshen shekarar. Ga wanda ya ɗanɗani kuɗin mota bayan cire tallafin man fetur a 2023, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Akwai kuma kwanciyar hankalin da ba a lissafa ta da kuɗi: a jirgi ba ka zaune kana satar kallon fuskokin fasinjoji don gane ko motar 'yan wan-cans ka faɗa, wato 'yan fashin da ke fakewa da tasi su yi wa fasinja ƙwace.

To ina matsalar? Layin biyu ne, sun haɗu a Idu. Ɗaya ya taso daga tashar Metro a tsakiyar gari, ya bi ta Stadium, Kukwaba da Wupa zuwa Idu, ya wuce Bassanjiwa ya ƙare a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. Ɗayan ya taso daga Gbazango ya bi Kagini, Dei-Dei da Gwagwa ya sauka Idu. Ke nan mutumin Kubwa sai ya gangara Idu, ya sauya jirgi, sannan ya nufi gari. Zagaye ne. Da ka fito a Metro kuma sabuwar tafiya ta fara, don ba a ƙofar ofisoshi tashar take ba. An hana acaba shiga tsakiyar Abuja tun 2006, adaidaita sahu ma ba ya shiga, saura tasi ko ƙafa. In ka haɗa kuɗin adaidaita daga gida da na tasi daga Metro zuwa Sakatariya ko Wuse, kyautar jirgin ta ragu da yawa.

Abin da ya fi haka ciwo shi ne ƙarancin sawu. Lokacin da nake hawa, 'yan sawu kaɗan yake yi a rana, kuma a ranakun aiki kawai. In ya wuce ka da minti biyu, ba wani a bayansa nan kusa. Wani dattijo da muka zauna tare, ɗan kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, na ce masa, "Baba, ku ma kun koma jirgi ke nan?" Ya yi dariya ya ce, "Yaro, ranar da ba ni da gaggawa dai." Gaskiyarsa. Mai sa hannu a rajistar ofis ƙarfe takwas ba zai ɗora aikinsa a kan abin hawan da sai ya tsara ranarsa kaf a kansa ba.

Shi ya sa titi ke ci gaba da cinye mu. Babbar hanyar Kubwa, wadda sunanta na hukuma titin Murtala Mohammed, an faɗaɗa ta zuwa layi goma a kwangilar da aka bayar zamanin Shugaba 'Yar'aduwa, tare da hanyar filin jirgin sama da yanzu ke ɗauke da sunansa. Wanda ya san Kubwa kafin wannan aiki ba zai raina shi ba. Da can haɗari ɗaya a wajen Dutse kan tsayar da mutane har dare. Yanzu da tsakar rana ko ranar Lahadi, tafiyar daɗi ce, kafin ka gama sauraron labarai ka wuce Gwarinpa. Amma da safiyar Litinin ko bayan la'asar, cunkoson yana nan, wuri kawai ya sauya. Ya koma mahaɗu da wuraren sauka, inda layuka masu yawa ke matsewa su shiga ƙaramin titin unguwa, da ƙarƙashin gadoji inda masu tasi ke tsayawa lodi a kan hanya. Kamar ka sayo ƙaton mazurari ne alhali bakin kwalbar yana nan yadda yake. Ga shi kuma faɗin titin ya jawo gidaje: Kubwa, Dutse, Dawaki, Bwari duk sun cika sun batse, kowane gida da motarsa.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne halin mai tafiya a ƙasa. Layi goma ba abin tsallakawa ba ne, gadojin masu ƙafa kuma suna da nisa da juna. Ina yawan ganin mata da goyo suna tsaye a tsakiyar titi suna jiran motoci su tsagaita, direbobi kuwa ba sa ɗaga ƙafa. Duk wanda ya ce laifin masu tsallakawa ne kaɗai, ya gwada taka rabin kilomita cikin ranar watan Maris don ya kai gada.

Inda jirgin ya ci tutarsa ba gardama shi ne tafiyar filin jirgin sama da ta Kaduna. Tashar filin jirgin a manne take da ginin matafiya, ka sauka ka ja akwatinka ka shiga, ba cinikin tasi. A Idu kuma nan ne jirgin Abuja zuwa Kaduna, wanda ya fara aiki a 2016, yake tashi zuwa Rigasa. In lokutan biyu suka dace, mutum zai baro tsakiyar Abuja ya isa Kaduna bai taka titi ba. Na yi wa ƙanwata wannan hanyar da yaranta, kuma ta fi kowace sauƙi a gare su.

Sai dai a duba inda jama'ar Abuja suke kwana. Mafi yawan ƙananan ma'aikata ta Nyanya, Karu da Mararraba suke shigowa, hanyar da cunkosonta ya fi na ko'ina suna, kuma layin bai je can ba. Lugbe ma, duk da tana kan hanyar filin jirgin sama, jirgin ba ta cikinta ya bi ba. Waɗanda suka fi buƙatarsa su ne ba su gan shi ba tukuna.

Ga mai son gwadawa: ya je tashar da ta fi kusa da shi kwana ɗaya kafin tafiyar ya duba jadawalin da idonsa, domin yana sauyawa, kada ya dogara da abin da aka turo a WhatsApp. Ya tambaya ko an fara karɓar kuɗi. In daga Kubwa ne kuma, ya tambayi lokacin tashin na Idu zuwa Metro, ba na Gbazango kaɗai ba.